Ƙugiyar da ta Ci Mini Aiki a Badun

Kai Nura, na ji ka sarai. Kana tsammanin kunnena ya tsufa ne? Wai ƙugiyar da ke kan allon ƙofar gidana ta fi lauje girma, wai hannun mai fenti ne ya zame. Hannunsa bai zame ba, ni na tsaya a kansa ina cewa ya ƙara. Ku kife wayoyin nan ku matso. Tunda kun iya dariya, sai ku gwada sauraro mu gani.

Kuɗin motar da na bar Badafi da su, raken Inna ne. 'Yar fadamarta ta bayan gari, ta sayar da raken a tsaye tun bai ƙosa ba, wani ɗan Kwanar Ɗangora ya yi mata tayin wulaƙanci ta sallama. Ta ɗinke kuɗin a ƙubakar wandona, ɗinki irin na wadda ba ta yarda da kowa ba, har da ni. Da muka zo biyan kuɗin mota sai da na zaga bayan tasha ina yagar wandona da haƙori, kwandasta yana ta ihu wai ɗan ƙauye ya gudu. Haka na shiga duniya, hannu ɗaya riƙe da jaka, ɗaya riƙe da wando.

Lokacin ƙarshen mulkin soja ne, zamanin da mutum ke wuni a layin mai ya dawo da jarka babu komai. Na gama sakandare, na kuma koyi buga tafireta wajen wani dattijo mai rubuta wa mutane takardu a Tudun Wada. Saboda haka a ganina ofis ne ke jirana. Inna ta ce in nufi Badun wajen yayanta, Kawu Tanimu mutumin Ba'awa, wanda ya daɗe a can yana sana'ar ɗori.

Kawu maɗori ne ɗan maɗori jikan maɗori. A unguwar Sabo yake, wato unguwar Hausawan Badun. Ɗakinsa na waje nan ne asibiti, nan ne kuma masaukina. Ina kwana tsakanin karare da tsummokara, in tashi ina warin man shanu. Bai taɓa karɓar kuɗin haya a hannuna ba, da nasiha yake karɓa, safe da yamma. Wata rana na lissafa na ga da kuɗin ya karɓa da ya fi mini sauƙi. Amma hannu, Allah Ya ba shi. Ɗan acaɓa zai zo ƙafa tana lilo, Kawu ya shafa, ya yi ta jansa da hira, kafin ya ankara ka ji ƙas, ƙashi ya koma gurbinsa.

Aikin ofis ɗin da na zo nema na same shi a Mokola, a shagon wata mata, Madam Bisi. Wai sunan shagon Bizines Senta. Ni kuma muƙamina Asistan Ofareta. Kun ji suna mai daɗi ko? Fassararsa ita ce, in ja janareto, in share shago, in sayo wa Madam amala. Ofaretar ainihi ita ce Bose, 'yar ƙanwar Madam, mai farce zaƙo-zaƙo, wadda ke buga rubutu kamar maɓallan za su cije ta. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, an lulluɓe ta da leshi, an fi kula da ita a kan ni nesa ba kusa ba. Ba na zama gabanta sai Bose ta tafi gyaran gashi.

Ku da kuka tashi kuna shafar gilashi da yatsa ba ku san wahala ba. Ita kwamfutar nan akwai wani abu mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wai mawus, ɓera ke nan. Kunnuwa biyu gare shi, na hagu da na dama. Fuskar kwamfutar kuma wai destof, saman tebur, alhali ko kofin shayi ba za ka iya ɗorawa ba. In ka kai ɓeran fili ka danna kunnen dama, wai rayit kilik, sai wani ɗan jeri ya faɗo. A nan na gane cewa a birni ko dama sai ka danna ta take fitowa. A cikin jerin akwai wata kalma, Niyu, wato Sabo. Ka taɓa ta, ta buɗe maka irin sababbin abubuwan da za ka iya farawa: sabuwar folda, sabuwar takardar rubutu, ta lissafi, ta zane, har ta sauti. Na ƙare musu kallo na ce ikon Allah. A Sabon Badun ko'ina ka juya Bahaushe ne, a Sabon kwamfuta babu ko ɗaya.

Ba wai injin bai san Hausa ba ne ɗungurungum. Wani ɗalibi daga Zariya ya taɓa zuwa buga aikinsa, ya zo da faifai, ya bar mana wani salon rubutu mai ƙugiya a ciki. In ka zaɓe shi, ka danna q sai ƙ ta fito, x ta ba ka ɗ, v ta ba ka ɓ, tunda dama haruffan nan zaman kashe wando suke yi a Hausa. Matsalar ita ce duk sabuwar takardar da ka buɗe da rubutun Turawa take farawa. Sai ka bi lungu-lungu ka lalubo na Hausar da hannunka. Ni ina bi. Bose kuwa farcenta bai yarda da bin lungu ba.

To ana nan sai ga wani mai magani ya sauka a Sabo da mota da lasifika, yana cewa yana haɗa karaya da man shafawa kawai. Kawu ya ji haushi. Ya ce tunda ɗan ƙanwarsa babban ma'aikacin kwamfuta ne, haka yake gaya wa mutane, a buga masa takardar talla. Shi ajami yake karantawa, bai san boko ba. Ya faɗa, na rubuta da biro, kowace ƙugiya na lanƙwasa ta da kyau:

ALHAJI TANIMU MAƊORI. ANA GYARAN ƘASHI KOWANE IRI, NA YARA DA NA MANYA, SABO DA WANDA YA KWANA BIYU. ANA ZUWA HAR GIDA.

Na kai shago da safe da niyyar in buga da kaina. Ina shiga Madam ta miƙo mini jarka. Ana ba da mai a wani gidan mai, in ruga. Na bar takardar a kan tebur. Bose ta ɗauka, ta ga ƙugiyoyin, ta ɗauka biron ɗan Arewa ne ke zubar da tawada. Ta gyara mini kuskurena, Allah Ya saka mata. Ta buga, ta yi hoton kwafi tuli guda. Kawu ya biyo ta shagon da azahar, ya karɓa yana sa albarka. Kafin in dawo daga layin mai da la'asar, an liƙa a tasha, an liƙa a mahauta, an liƙa a bangon da ke kallon masallaci.

Ku cire ƙugiyar ku karanta da kanku. Ku karanta har ƙarshe, har wurin wanda ya kwana biyu, har ana zuwa har gida.

Yauwa, ku yi dariyar. Haka Sabo ta yi. Kowa ya san abin da ake nufi, wa ya rasa sani? Amma Bahaushe ya samu abin tsokana kyauta ya bari ya wuce? Washegari muna fitowa daga masallaci Ɗanliti mahauci ya durƙusa har ƙasa.

“Alhaji, barka da asuba. Na jaririnmu ne ya ƙi fita tun shekaranjiya. Za a zo har gidan, ko mu kawo?”

Kawu ya ce, “Faɗuwa ya yi?”

Wurin ya ɗauki ihu. Ni na so ƙasa ta tsage. Kafin sati ya zagayo babu mai cewa Alhaji Tanimu, sai Alhaji Mai Kashi. Yara suna wucewa ta ƙofarmu suna toshe hanci. Abin da ya fi ciwo, masu karaya suka fara janyewa. Wane magidanci ne zai so a tambaye shi daga ina, ya ce daga wajen Mai Kashi? Suka koma wajen mai lasifika. Na ga Kawu zaune da hantsi, ya shafa man shanu a hannu kamar kullum, ya jera karare, babu wanda ya yi sallama. Mutumin da sunan gidansu ya kai shekara da shekaru ana kiransa da girma. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta hana ni haɗa ido da shi.

Na je wa Madam da magana. Tana jin Hausar kasuwa, amma bakinta bai taɓa sanin ƙugiya ba.

“Madam, an ɓata wa kawuna suna. An rubuta kashi maimakon ƙashi.”

“To mene? Kashi, kashi, duka daya ne.”

“Ba ɗaya ba ne. Ƙashi. Kashi.”

“Ka fada sau biyu abu daya! Kai Mola, kana so ka hauka ni?”

Mola, wato Malam, haka take kiran duk wani Bahaushe. Na nuna mata gwiwar hannuna na ce wannan ne na farko. Na biyun na rasa abin da zan nuna wanda ba zai jawo mini mari ba, sai na nuna bayan shago. Ta gane. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, sannan ta ce a sake bugawa, a cire kuɗin takarda daga albashina. Adalci ke nan irin na birni.

Na tsaya na koya wa Bose, in ta ga ƙugiya ta danna q. Ta ce ta ji. Sai aka ɗauke wuta, na fita jan janareto. Ta buɗe sabuwar takarda, ta danna q ɗinta tsakani da Allah, amma ba ta bi lungun ta zaɓo rubutun Hausa ba. Abin da ya fito shi ne ANA GYARAN QASHI. Wani ɗan kamasho da ya zo hoton lasisi ya zari ɗaya ya kai mahauta. Ɗanliti ya duba ya ce madalla, Alhaji ya samu ci gaba, yanzu har na Turawa yake gyarawa.

Ran nan Kawu bai yi nasiha ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ya ɗauko allonsa ya rubuta haruffa biyu.

“Hadi, mene ne wannan?”

“Kaf.”

“Wannan fa?”

“Ƙaf.”

“Allon katako ya san bambancinsu. Injin da kuke lulluɓewa da leshi bai sani ba?”

“Ya sani, Kawu. Sai dai kullum sai an tuna masa.”

“To ba a gyara ba ke nan. Ni in aka kawo mini gocewa ba tsumma nake naɗawa in ce a riƙa tallafewa ba, mayar da shi nake yi inda zai zauna da kansa. Ka je ka zaunar da shi. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini in tattara in koma Ba'awa, don ba zan ƙarasa tsufana da wannan sunan ba.”

Akwai wani mai zuwa gyaran injinan shagon, Injiniya Sande. A Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa har ta fi tawa gishiri. Da na ba shi labari sai da ya zauna a kan janareto don dariya. Da ya ji sunan Kawu kuma sai ya daina. Ashe Kawu ne ya taɓa ɗora masa wuyan hannu.

Na ce, “Injiniya, jerin nan na Niyu, ba a yi wa baƙo wuri a ciki? A ce mutum ya danna dama ya ga takardar Hausa, ta buɗe da ƙugiyarta a shirye?”

Ya ce, “Ana yi. Amma sai an shiga rajista.”

Rajista, in ji shi, ita ce cikin cikin injin, inda aka rubuta sunan kowane irin fayil da wanda ke buɗe shi. Wanda babu sunansa a nan, ba ɗan gari ba ne. Ka goge abin da ba naka ba kuma, injin ya kwanta ya ƙi tashi. Muka nemi izinin Madam. Ta dafe ƙirji.

“Rejista? Kwamfuta na? Saboda kashi? Duk wanda ya taba, ya tafi gidan ubansa!”

Sande ya ce shi ba zai taɓa ba, yana da iyali. Amma ranar Asabar Madam da Bose za su biki, shi kuma zai zo duba firinta, kuma shi mutum ne mai yawan magana shi kaɗai in yana aiki. In wani ya ji, ba ruwansa.

Na san abin da nake saye da abin da nake sayarwa. Kujerar nan, ko da ta aro ce, ni kaɗai ne ɗan Badafi da ya taɓa zama irinta. Amma na tuna Kawu da man shanu a hannu yana kallon ƙofa.

Asabar da hantsi Sande ya juya mini baya, ya tura kai cikin firinta, ya fara yi wa firinta bayani. Ya ce da shi ne, da sai ya buɗe takarda fara, ya zaɓa mata rubutu mai ƙugiya, ya ajiye ta haka babu komai a ciki, ta zama uwa. Na yi. A samanta na ƙara ɗan layi don Bose, q ƙ, x ɗ, v ɓ. Ya ce kowane fayil da wutsiyarsa, haruffa uku bayan ɗigo, da ita ake gane danginsa, sai a raɗa wa wannan tata. Na sa mata ɗigo hau. Ya ce a kai uwar ɗakin da ake ajiye uwayen sababbin takardu. Na kai. Sannan muka shiga rajistar. Jama'a, sunaye ne jere kamar kabarin baƙi, babu wanda na sani. Ɓeran yana ta zame mini don gumi. Na buɗe wa wutsiyar nan gurbi, na faɗa wa injin cewa mai buɗe takardun rubutu shi zai riƙa buɗe ta, na rubuta sunan da za a kira ta da shi. A ƙarƙashin gurbin na buɗe wani ƙarami, wai Shelniyu, na rubuta sunan uwar a ciki.

Sande ya gaya wa firinta cewa saura a kashe a kunna. Na kashe. Ina kunnawa, ɗif, aka ɗauke wuta.

Na ce shi ke nan, na kashe wa Madam 'ya. Sande ko juyowa bai yi ba, ya ce, “Asistan Ofareta, ga fa aikinka na gaskiya ya zo.” Na fita na ja janareto kamar zan tsinke igiyar. Injin ya yi tari, ya yi ƙugi, fuskar ta haska. Na kai ɓera fili, na danna dama, na taɓa Niyu. Ga folda, ga ta lissafi, ga ta zane. A can ƙasa, tsakanin Turawa, ga ta nan zaune: Takardar Hausa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

Na buɗe ta, na buga tallar Kawu. Ƙ ɗin nan na ƙara mata girma har ta kusa cin rabin layi. Na kai masa. Ya juya takardar, ya ɗora babban yatsansa a kan lanƙwasar, yana shafawa kamar yana laluben karaya.

“Wannan 'yar abar ce duk ta jawo?”

“Ita ce, Kawu.”

“In an aike ka layin mai fa?”

“Tana nan zaune da kanta.”

Ya gyaɗa kai. Bai ce sannu ba, Kawu ba ya cewa sannu. Amma ran nan shi ya zuba mini shayi da hannunsa.

Litinin Bose ta danna dama ta ƙwalla ƙara wai aljani ya shiga kwamfuta. Madam ta leƙo, ta karanta, ta juyo gare ni a hankali.

“Ka shiga rejista.”

“Na shiga, Madam.”

“Dauki jakarka.”

Na ce to, in cire abin kafin in tafi? Daidai lokacin wani Alhajin goro yana tsaye da katin ɗaurin auren ɗansa, ya ga tallar Kawu a bango ya biyo sawu, wai a nan ne ake rubuta Hausa da ƙugiya. Madam ta kalle shi, ta kalli aljihunsa, ta ce mini, “Bar shi. Kai ne za ka tafi, ba shi ba.” Bose ta danna dama, takarda ta buɗe da ƙugiyarta, ga ɗan layina a sama yana nuna mata hanya. Da hannuna na koya wa injin yadda zai rayu ba tare da ni ba. Ba a yi wata guda ba aka kafa allo a ƙofar shagon, wai ƙwararru a rubutun Hausa. A kan allon ma kwararru aka rubuta.

Kawu kuwa, Sabo ba ta iya barin mutum babu laƙabi. Da suka ga ƙatuwar ƙugiyar nan a bango sai suka koma kiransa Alhaji Mai Ƙugiya. Wannan ya karɓa da hannu biyu. Masu karaya suka dawo, har da waɗanda mai lasifika ya shafa wa mai ƙafa ta kumbura. Ɗanliti da kansa aka kawo shi ranga-ranga, sa ya take masa ƙafa. Kawu ya kama ƙafar ya ce, “Wanne ne ya kawo ka, mai ƙugiyar ko marar ita?” Har aka gama ɗorin Ɗanliti bai yi tsokana ba.

Da ya ga ina zaune babu aiki, sai ya ce in riƙe masa ƙafar wani. Gobe in riƙe hannu. Haka na yi shekaru ina riƙewa, har ranar da ya ce in ja da kaina. Da wannan sunan na Mai Ƙugiya aka yi masa sallah a Badun, Allah Ya jiƙansa.

Na dawo Badafi babu talabijin, babu babur, sai jakar karare da kwalbar man shanu. Inna ta leƙa jakar ta ce ina kwamfutar da aka ce ina tuƙawa. Na ce na bar ta can tana koyon Hausa. Ta ce rakenta dai ya tafi a banza. Ba ta janye maganar ba sai shekarar da ta zame a bakin rijiya, na mayar mata da kafaɗa.

To kun ji dalilin laujen da ke kan allona. Yanzu kai Nura, mai dariya, ɗauko wayar nan taka mai tsada. Rubuta mini ƙashi in gani. Rubuta mana, ina kallo. Miƙo nan.

Na sani, ga shi nan babu ƙugiya. Tashi ka wanke hannunka da sabulu kafin ka taɓa mini kwanon tuwo.